Uku a Dama, Huɗu a Hagu

Litinin, 4 ga wata

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Yaya jikin Inna? Direban motarmu ya ce ta fara taka ƙafar da sanda daga gado zuwa bakin ƙofa. Allah ya ƙara sauƙi. Ke kuma sannu da zaman asibiti, na san kujerar roba ba wurin kwana ba ce.

Na zaɓi rubutu ne domin a waya ba kya bari in kai ƙarshen magana, ni kuwa da an katse ni sai lissafin ya watse mini. Ki daure ki karanta har ƙasa.

Yau kwanana ashirin da ɗaya a filin itacenmu. Da za ki tafi jinyar Inna kin ce in kula da kayan aiki, in riƙa gaya miki gaskiya. To ga ta. Gidan burodi na jiran mota huɗu ta itace kafin ƙarshen wata, ɗaya muka kai. Gumaguman kiryar nan da suka shekara biyu kwance a bayan rumfa sun bushe sun koma kamar ƙarfe. Na ƙirga su, saura ɗari huɗu da goma sha biyu. Kawu yana gama goma sha huɗu a yini. Kwana talatin ke nan, mu kuwa ashirin da uku suka rage mana na aiki.

Yaya, raina a ɓace yake da Kawu. Na san ƙanin Inna ne, na san ya riƙe injin yanka itacen nan shekara ashirin da biyu tun Baba na raye. Amma ki ji abin da na gani da idona.

Sarƙoƙin inji takwas ɗin da kika sayo, masu haƙora masu kusurwa, ko ɗaya bai ɗaura ba. A jikin kwalinsu an rubuta cewa su ne suka fi saurin yanka. Shi kuwa ya manne wa wata tsohuwar sarƙa mai haƙora masu lanƙwasa, wadda yake jiƙawa da mai a cikin gwangwanin madara. Da na nuna masa rubutun, sai ya ce in kai wa kiryar kwalin ta karanta.

Kowace safiya yana ɓata minti arba'in da gatari yana ɓare ɓawon gumagumai yana share su da tsintsiya, inji na ajiye a kashe. Itacen da za a jefa a wuta ne ake yi wa wannan kwalliyar.

Wasa sarƙar ne ya fi ci mini rai. A makaranta an koya mana a riƙe magagari a digiri talatin. Na auna nasa, ashirin da biyar ne. Sannan ko ƙirga ba ya yi daidai. Sarƙar tana da haƙora talatin da shida, goma sha takwas na kallon dama, goma sha takwas na kallon hagu. Na tsaya a kansa sau biyar ina ƙirgawa a zuci. Na dama yana goga musu magagari sau uku, na hagu sau huɗu. Kullum haka. Da na yi magana, a gaban direba da mai shayi ya ɗaga murya ya ce a matsa a ba Malam Milimita hanya, ya zo auna numfashin inji. Yanzu har matan da ke sayen ɓarɓashi haka suke kirana. Shekara huɗu na yi ina karatun injina, Yaya.

Abu ɗaya nake roƙo. Ki ba ni izini a rubuce in karɓi wasa sarƙa da zaɓenta. Shi ya yanka kawai.

Ki gaishe da Inna, ki ce ina yi mata addu'a. Kada ki gaya mata wannan.

Ƙaninki,
Auta

Lahadi, 10 ga wata

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Na ji daɗi da aka cire wa Inna zare, Allah ya sa kaffara ne. Ina fata ciwon bayanki ya lafa.

Takardarki ta iso ranar Laraba. Na karanta ta sau shida ko zan ga inda na ce a sallami Kawu. Ina da kwafin tawa, ban ce ba. Izinin magagari na nema. Ke kuma kika rubuto cewa lissafina ya nuna Kawu ya tsufa, ya gama wannan watan ya huta, kin riga kin samo wani matashi. Wace irin magana ce wannan? Na kawo miki ƙarar ƙaiƙayi kin ɗauko wuƙar fiɗa. Ban gaya masa ba, kuma ba zan gaya masa ba. Bakina ba zai iya ba.

Yanzu ga abin da ya fi wannan nauyi.

Ranar Alhamis na karɓi aikin. Na nuna wa Kawu layin izinin da ke takardarki kawai, na rufe sauran da yatsa. Na kulle gwangwaninsa a akwatin kayan aiki, na ɗaura sabuwar sarƙa, na hana ɓare ɓawo. Ya ɗauki inji. Yankan farko daƙiƙa arba'in da ɗaya, a gungume mai kaurin santimita talatin da biyar. Na kusa yin tsalle. Na biyu arba'in da huɗu. Na tara ya ci minti biyu da rabi, kuma abin da ke fita ba ɓarɓashi ba ne, gari ne mai laushi kamar hoda, ga ƙaurin ƙuna. Na duba haƙoran da gilashi mai ƙara girma, tsinin kusurwar ya guntule a kusan dukkansu. Yashin da ya shige cikin ɓawon nan na shekara biyu shi ke cinye su. Tsinin ƙarami ne, da ya tafi haƙorin ya mutu.

Na wasa. Digiri talatin, sau uku kowane haƙori, dama da hagu, ba ƙari ba ragi. Na yi wa na farko alama da alli don kada in maimaita. Ranar Alhamis sau bakwai na wasa, muka gama gungume goma sha ɗaya. Juma'a tara. Jiya takwas.

Tun ranar Juma'a inji ya fara karkata. A sa shi a miƙe, ya shiga ya lanƙwashe gefe guda kamar jinjirin wata, ya maƙale a tsakiya. Na ce wa Kawu hannunsa ne ke karkata. Na faɗa da ƙarfi, a gaban direba. Ya kashe inji, ya dube ni ya daɗe, ya ce to, Farfesa. Ya ja igiya ya ci gaba. Da ma zagina ya yi.

Jiya da yamma bayan ya tafi na cire sarƙar na auna haƙoran ɗaya bayan ɗaya. Na dama sun fi na hagu gajarta da kusan milimita ɗaya. Ni na yi wannan. Kin san teburin da Baba ya kafa a jikin bango, ba a iya zagaya shi. Dole na dama a wasa su da hannun dama, na hagu a sauya hannu. Sau ukun hannun damana ya fi sau ukun hannun haguna ci. Ƙirgata daidai take, hannuwana ne ba daidai ba.

Sai na buɗe akwati na fito da tsohuwar sarƙar Kawu na auna. Yaya, talatin da shida ɗin nan tsawonsu ɗaya. Ma'aunina bai iya raba su ba. Uku a dama, huɗu a hagu. Abin da na rubuto miki a matsayin shaidar bai iya ƙirga ba ke nan.

Ki janye maganar sallama. Ki yaga takardata ta farko. Gobe zan mayar masa da gwangwaninsa in ba shi haƙuri.

A gaida Inna.

Ƙaninki mai jin kunya,
Auta

Laraba, 13 ga wata

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da Inna. Gaisuwar ke nan, yau ba ni da doguwa.

Me ya sa kika yi haka? Ranar Lahadi, tun kafin direba ya iso da takardata ta biyu, kin kira Kawu a waya kin karanta masa ta farko. Layi bayan layi. Har da maganar kwalliya, har da cewa bai iya ƙirga ba. Matarsa ce ta gaya mini, ta ce a tsakar gida yake zaune ya ƙara wa wayar murya saboda kunnensa, kowa ya ji, har surukarsa. Wasiƙar da na rubuta wa yayata ce, ba sammacin kotu ba. Kin rasa ta yadda za ki sallame shi sai kika ari bakina kika ci albasa.

Da takardar ta biyu ta iso kuma, direba ya ce kin karanta kin ninke kin ce magana ta riga ta fita, shugaba ba ya lashe amansa. Wane shugaba? Filin itace ne mai inji ɗaya da rumfa mai yoyo. Mutumin da ya ɗauke ki a wuya ya kai ki makaranta ranar farko shi kike yi wa shugabanci?

Ranar Litinin bai zo yanka ba. Ya zo da sassafe ya ce in buɗe akwati. Ya ɗauki gwangwanin da magagarinsa biyu masu ƙotar da ya sassaƙa da kansa, ya bar mini tsohuwar sarƙar a kan teburi ya ce ta gidanku ce. Na fara ba shi haƙuri, harshena ya sarƙe, kin san yadda nake. Kafin in haɗa magana ya kai titi.

Tun da lambobi kike ji, ga lambobi. Na ɗauki injin da kaina. Gungume iri ɗaya, kauri ɗaya. Sabuwar sarƙa a kan ɓawo, yanka tara ta dakushe. Sabuwa bayan an ɓare an share, goma sha huɗu. Tsohuwar sarƙar Kawu bayan an ɓare, yanka talatin da ɗaya, kuma har lokacin ɓarɓashi take fitarwa. Kowane yanka ta fi jinkiri da kamar daƙiƙa goma, amma ba ta tsayawa. Haƙori mai lanƙwasa ba shi da tsini guda da zai karye, digiri ashirin da biyar kuma ya bar wa bakin nama. Kwalin bai yi ƙarya ba, na ɗanyen itace mai tsabta yake nufi. Ke kika sayo ba ki tambayi kowa ba, ni kuma na karanta rabin magana na hau kai. Gungume goma sha huɗun da Kawu ke gamawa a yini ba jinkiri ba ne. Ni a kwana uku goma na gama gaba ɗaya, kafaɗuna kamar an yi mini duka.

Matashin naki ya zo jiya ganin wuri. Abin da ya fara nema magagari mai faɗi ne, wai zai zaftare ƴan ƙahonin da ke gaban haƙora don inji ya ci kamar kura. Waɗannan ƙahonin su ke hana haƙori nutsewa fiye da kima. A busasshiyar kirya, in aka zaftare su inji tutsu zai yi ya dawo wa mutum a fuska. Na ce masa ya tafi. Ban nemi izininki ba. Na kuma kai sarƙoƙi shida da ba a buɗe ba shago, mai shagon ya musanya mini da masu lanƙwasa. Wannan ma ban nemi izini ba.

Ki kira Kawu. Ba ta bakin direba ba, ba ta bakina ba. In ba ki kira ba, zan ajiye miki makulli a ƙarshen wata, kuma ni zan gaya wa Inna dalili da kaina.

Auta

Lahadi, 24 ga wata

Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, na yi murna da jin za a sallami Inna makon gobe. Allah ya kawo ku lafiya. Na gyara ɗakinta, na sa an kafa ƙarfen dafawa a banɗaki, tsayin santimita tamanin da biyar kamar yadda likita ya ce.

Kwana goma sha ɗaya na yi shiru ina jira. Ba ki kira shi ba. Saƙon da kika aiko direba da shi, wai in yana so ya dawo, ban isar ba. Ko mai kawo mana ruwa ba a aika masa irin wannan.

Ranar Alhamis, sha huɗu ga wata, na je gidansa. Na san in na buɗe baki zan ɓata, don haka ban tafi da magana ba. Na tafi da sarƙar da na lalata da wani guntun gungume mai karkataccen yanka, na ajiye a gabansa na durƙusa. Ya yi kamar bai gani ba, yana ta sauraron rediyo. Can ya miƙa hannu ya shafa haƙoran da babban yatsa, ya ja tsaki, ya ce wane mara tsoron Allah ne ya yi wa baiwar Allah wannan aika-aika. Na ce ni ne. Ya ce ya sani, so yake ya ji a bakina. Ya aika aka ɗauko gwangwani, ya ɗora sarƙar a gwiwa ya fara gyara, yana faɗa yana gogawa, wai digirina ko kaza ba zai yanka ba. Matarsa na dariya a bakin murhu. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba.

Washegari ya zo. Ya ce in rubuta a littafina cewa ba aiki ya dawo ba, tun da an kore shi, ceton sarƙoƙi ya zo. Shi ke ɓare ɓawo, shi ke wasa, sarƙa uku muke juyawa. Ni ke yanka. A kwana takwas mun gama ɗari da saba'in da shida, ashirin da biyu a yini. Saura ɗari da saba'in. Ba za mu cika a ƙarshen wata ba, za mu haura da kwana biyu. Na je na gaya wa mai gidan burodi gaskiya, ya yi ƙorafi ya yarda.

Akwai lamba ɗaya da ban sa a littafi ba. Ranar Talata ina ƙirga masa a zuci, halin ya ƙi barina. Na dama uku. Na hagu biyar. Na sake ƙirgawa, biyar. Na tambaye shi a keɓe. Sai ya ɗaga hannun hagu, bai wuce kafaɗa ba. Ya ce tun bara yake haka. Huɗun ma ta daina isa, a wancan makon ya daure ne don ina tsaye a kansa, in na juya baya ya ƙara ɗaya. Yaya, hannun hagu shi ke riƙe gaban inji, shi ke tare shi in ya yi tutsu. Shekara guda yana ɗaga inji mai kilo bakwai da wannan kafaɗar don kada mu rasa mai yanka, har yanzu da Inna ke kwance. Ni ina auna haƙora, ke kina duba mota nawa ta fita, babu wanda ya dubi hannun.

Ya ce kada Inna ta ji. Bai ce kada ki ji ba, na tambaye shi sau biyu. Amma ki saurare ni. In kika ɗauki wannan kika ce ai kin faɗa ya tsufa, ni da ke mun ɓata. Bai kamata ya sake ɗaukar inji ba, gaskiya ne. Amma teburin nan nasa ne, da albashinsa cikakke, kuma ranar Laraba zan kai shi a duba kafaɗar. Ba shawara nake nema ba.

Shekara ashirin da biyu gwangwanin nan yana kwana a kan kantar rumfa. Yanzu kullum da yamma sai ya sa shi a jaka ya tafi da shi gida. Kin san abin da yake nufi, kin kuma san lambarsa.

Ƙaninki,
Auta

Talata, 26 ga wata

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, a shafa mini ƙafar Inna. Direba na jira, don haka a gurguje.

Jiya da ƙarfe goma sha ɗaya da kwata wayar Kawu ta yi ƙara yana tsakiyar haƙoran hagu. Ya duba, ya bar ta ta katse. Ta sake, ya bari. A ta uku ya ajiye magagari ya zagaya bayan rumfa. Minti goma sha tara. Ban saurara ba, na kunna inji da gangan. Da ya dawo idonsa ya yi ja, ya ce garin kirya ne. Ya ce ƴar nan tun tana goye ba ta iya ba da haƙuri ba sai ta haɗa da faɗa, hali na uwarta. Sannan ya ce na tsaya kallon me, itace zai yanka kansa?

Har yanzu ina fushi da ke, amma ya ragu da kamar rabi.

Yanzu ya fara koya mini. Ya ce in daina ƙirgawa in saurari kukan magagari. Na gwada, na kasa, ina ƙirgawa a ɓoye. Nawa ya kama uku a dama, huɗu a hagu.

Yau na riga kowa zuwa. Na buɗe rumfa, gwangwanin na kan kanta.

Sai kun iso.

Ƙaninki,
Malam Milimita